Me Ya Sa Allurar Maleji Take Rawa, Kuma Yaya Ake Gyara Ta?

A allonmu na wannan makon mun ɗauko wani ɗan ƙaramin abu da kusan kowa ya taɓa gani, amma ba kowa ya tsaya ya tambayi dalilinsa ba. Duk wanda ya taɓa samun kujerar gaba a motar haya, ko ya leƙa ta kafaɗar direba daga baya, ya san agogon nan mai lambobi da ke bayan sitiyari, wanda direbobi ke kira maleji. A motoci da yawa da ke bin hanyoyinmu, daga Bebeji zuwa Kwanar Dangora, ko daga Tudun Wada zuwa Doguwa, allurar wannan agogo ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mota tana tafiya daidai, direba bai ƙara wuta ba kuma bai rage ba, amma allura tana karkarwa kamar mazari, yanzu tana kan 40, kafin ka ƙifta ido ta haura 80. A wasu motocin ma ta gaji da rawar, ta kwanta a kan sifili, ko da kuwa motar tana keta dajin Falgore a guje.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan ba komai ba, tunda dai mota tana tashi kuma tana kai mutum gida. Mu ba mu yarda da haka ba. Rawar allura ciwo ne, kuma yadda take rawar shi ke nuna inda ciwon yake. Wanda ya iya karanta rawar ba zai sayi abin da bai lalace ba.

Kafin mu yi nisa, kada a rikita agogo biyu. Yawancin motoci suna da manyan agogo biyu a jere. Ɗaya yana da ƙananan lambobi, daga 1 zuwa 7 ko 8, shi wannan juyin inji yake ƙirgawa, kuma ko mota tana tsaye idan aka taka totur allurarsa za ta tashi. Ba shi muke nufi ba. Namu shi ne mai manyan lambobi, 20, 40, 60 har sama, wanda ba ya motsi sai taya ta juya. Shi ne yake faɗa wa direba kilomita nawa zai ci a awa ɗaya idan ya ci gaba da irin gudun da yake yi.

Yadda tsohon maleji yake aiki

Maleji iri biyu ne, akwai na kebur akwai na lantarki. Za mu fi daɗewa a kan na kebur, domin shi ne a tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da J5 mai ɗaukar buhunan masara, da kuma yawancin baburan da ke garuruwanmu. (Wannan kebur ɗin ba irin wanda muke tsoro ba ne idan mun makara.)

Kebur ɗin abu biyu ne a haɗe. Akwai kube na waje wanda ba ya motsi, akwai kuma 'yar ciki, wata doguwar waya da aka tufka da siraran ƙarafa kamar igiya. Tana lanƙwasuwa amma tana da ƙarfi. Bakunanta biyu ba zagayayyu ba ne, kusurwa huɗu gare su, don su zauna daram a cikin ramin da aka yi musu. Baki ɗaya yana shiga giyabos a ƙarƙashin mota, inda wani ɗan ƙaramin giya mai haƙora, wanda galibi na roba ne, yake juya shi. Ɗaya bakin yana shiga bayan agogon. Idan taya ta juya, 'yar cikin sai ta riƙa juyawa a cikin kubenta kamar maburgi a tafin hannu. Gudu ya ƙaru, juyi ya ƙaru. A babur kuwa ba daga giya kebur ɗin yake tasowa ba, daga cibiyar tayar gaba yake, kowa zai iya ganinsa ya hau ta gefen ƙafar babur ɗin.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne kebur ɗin ba ya taɓa allura ko kaɗan. Da a ce yana taɓa ta, da sai ta riƙa zagayawa kamar fanka. Abin da yake juyawa maganaɗisu ne. Shi kuma maganaɗisun yana zaune a cikin wani ɗan kofi na alminiyam, ba su haɗa jiki ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu. Allurar a jikin sandar wannan kofi take. Mun sani daga darasin kimiyya cewa maganaɗisu ba ya kama alminiyam, ku gwada da murfin tukunya ku gani. To amma idan maganaɗisu yana juyawa kusa da alminiyam, yakan haifar da wata 'yar wutar lantarki mai kewayawa a jikin ƙarfen, ita kuma wutar sai ta sa kofin ya so bin maganaɗisun. Ku tuna lokacin da ake dama fura: ludayi bai taɓa ƙwarya ba, amma idan aka dama da ƙarfi sai ka ga ƙwaryar tana neman juyawa, sai an riƙe ta. Abin da ke riƙe kofin maleji shi ne wani siririn sifirin mai kama da gashi, a nannaɗe. Maganaɗisu yana ja, sifirin yana hanawa, inda ƙarfinsu ya zo ɗaya nan allura take tsayawa. Idan mota ta tsaya, sifirin ya mayar da ita sifili.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 1824 wani masanin kimiyya na ƙasar Faransa, François Arago, ya lura cewa faifan tagulla mai juyawa yana jan allurar maganaɗisu ta bi shi. A 1902 kuma wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar malejin mota da ke aiki da wannan hikima. Wato abin da ke gaban direban J5 a tashar Tudun Wada ya haura shekara 120 da ƙirƙirowa.

Haka kuma wannan kebur ɗin dai shi ke juya 'yan lambobin nan da ke tsakiyar agogon, masu ƙirga yawan tafiyar da mota ta yi tun tana sabuwa. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

To me ke kawo rawar?

Tunda allura tana bin juyin kebur ne, idan juyin ya tafi sumul ita ma za ta tsaya cak. Idan ta yi rawa, juyin ne yake cijewa yana saki. Babban mai laifi a nan shi ne bushewa. Daga kamfani akwai maiƙo tsakanin 'yar ciki da kube. Shekaru suna tafiya, zafin inji yana busar da shi, ƙurar hunturu tana shiga, ga laka da ruwan damina idan kuben ya tsage. Daga ƙarshe maiƙon ya koma dauɗa mai danƙo. Giyabos dai ba ya fasa juyawa daga ƙasa, amma 'yar cikin ta maƙale a tsakiya, sai ta murɗe tana tara ƙarfi, allura ta faɗo ƙasa. Can sai ta ƙwace da ƙarfi, allura ta yi tsalle sama ta wuce inda ya kamata. Duk wanda ya taɓa jan akuya zuwa kasuwa ya san wannan: ta turje, kana ja igiya ta miƙe, sai ta zabura gaba ɗaya har ta kusa buge ka. Haka kebur ɗin yake yi sau da yawa a cikin minti ɗaya. Irin wannan rawar ta fi yawa idan ana tafiya a hankali, kuma wani lokaci za ka ji wani ɗan ƙara, ƙis-ƙis-ƙis ko kuka siriri, yana fitowa daga bayan agogon. Da sanyin asuba ma abin yakan fi tsanani, don maiƙon da ya rage ya daskare.

Na biyu shi ne lanƙwasa. Kebur yana son ya bi hanya mai faɗin kwana. Sau da yawa bayan an sauke giyabos don gyaran kuloci, wajen mayarwa sai a karya shi kwana mai tsini, ko a ɗaure shi tamau da waya, ko a bar shi ya kwanta a jikin salansa zafi ya narkar da kubensa. Shi ya sa idan allura ta fara rawa kwana biyu bayan mota ta fito daga gareji, wurin da aka taɓa nan ya kamata a fara dubawa. Idan lanƙwasar ta daɗe, siraran ƙarafan sukan fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tsinin ya riƙa kartar kube, har wata rana 'yar cikin ta rabu biyu, allura ta mutu.

Akwai kuma lalacewar bakuna. Bakin nan mai kusurwa huɗu yakan cinye ya zama kamar zagayayye, sai ya riƙa kamawa yana zamewa. Ko kuma ɗan giyan robar da ke cikin giyabos ya zubar da haƙori ɗaya ko biyu. Ko ma ba komai ba ne illa notin da ke ɗaure kebur a bayan agogo ya kwance saboda gargada. Wanda ya saba bin hanyoyin ƙauye na burji ya san babu notin da girgiza ba ta iya sassautawa.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi wuya: ciwon yana cikin agogon kansa. Bushin da sandar maganaɗisu ke juyawa a ciki ya cinye, maganaɗisun ya fara gogar kofin, ko mai ya hau ta cikin kube ya shiga tsakaninsu. A irin wannan allura takan yi wani irin fizga, ta haura can ƙarshe ba dalili.

Amma fa a yi adalci. Idan mota ta faɗa rami ko tana kan gargada, kowace allura za ta ɗan girgiza, domin motar duka tana girgiza. Wadda muke magana a kanta ita ce mai rawa a kan kwalta mai santsi.

Yadda ake gano wurin da yadda ake gyarawa

Bakanike na ƙwarai ba ya fara da kwance agogo. Yana fara da tambaya da kallo. Ga inda lambobin ƙirgen tafiya suke amfani. Idan allura ta mutu kuma lambobin ma sun tsaya, juyi ne ba ya isowa, wato kebur ko ɗan giyan ƙasa. Idan lambobin suna ci gaba da ƙirga amma allura ta kwanta ko tana hauka, juyi yana isowa, laifin yana cikin agogo. Da wannan kallo kaɗai an raba matsalar gida biyu ba a taɓa sifana ba.

Daga nan sai a bi kebur ɗin da ido da hannu tun daga giyabos har inda ya shige jikin mota, a ga ko ya karye kwana, ko ya ƙone, ko ya tsage. A taɓa notin sama da na ƙasa a ji ko sun yi sako-sako. Wani lokaci a nan aikin yake ƙarewa.

Idan ba a ga komai ba, sai a kwance bakin kebur ɗin a zaro 'yar cikin. A wasu motocin ta sama take fitowa, a wasu kuma a manne take da kube, sai dai a canza su tare. Idan ta fito, a wanke ta da kananzir, a goge da tsumma mai tsabta. Tsumman ma ɗan bincike ne, domin idan yana maƙalewa a wani wuri, to akwai ƙarfen da ya tsinke a wurin. Sannan a shimfiɗa ta a kan tebur ko benci a mirgina ta da tafin hannu. Lafiyayya za ta mirgina lami lafiya. Wadda ta lanƙwashe za ta riƙa ɗaga kai tana dukan tebur. Irin wannan ba a miƙar da ita da guduma, don ko ta miƙe a ido za ta koma gidan jiya. Sai dai sabuwa, kuma a tafi da tsohuwar wurin mai kayan gyara a gwada tsawo da bakuna. Idan babu a kusa, akan aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tsawon yana da muhimmanci: gajeriya ba za ta zauna a raminta sosai ba, doguwa kuma za ta riƙa tokarar cikin agogo har ta ɓata shi.

Idan kuwa lafiyarta ƙalau, bushewa ce kawai, sai a shafa mata giris marar kauri, shafa kaɗan ba lafta ba. A nan ne ake yawan kuskure, don mutane suna ganin yawan mai shi ne gyara. 'Yar cikin a tufke take, saboda haka idan tana juyawa takan tura maiƙo gaba. Idan aka cika, zai iya hawa har cikin agogo ya shiga tsakanin maganaɗisu da kofi, a gudu daga ƙaramin ciwo a faɗa babba. Shi ya sa ake shafa wa ɓangaren ƙasa da tsakiya, a bar kamar taƙi ɗaya na sama ba a shafa ba. Baƙin mai da aka juye daga inji kuwa bai dace ba sam, domin cike yake da dauɗa. Wajen mayarwa a riƙa turawa ana ɗan murzawa har a ji bakin ya faɗa raminsa, a ɗaure noti daidai ba tare da an yi masa ƙarfin tsiya ba, a kuma gyara wa kuben hanya nesa da salansa.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi kafin a rufe. A cire bakin ƙasa daga giyabos, mutum ɗaya ya murza 'yar cikin da yatsu da sauri, wani ya zauna a gaba yana kallo. Idan allura ta ɗan zabura, kebur da agogo suna magana da juna. Idan ba ta motsa ba a gwada murzawa ta ɗaya ɓangaren, don gefe ɗaya kawai take amsawa. Idan duk wannan ya yi daidai amma a kan hanya ba ta aiki, saura ɗan giyan roba, sai a zaro shi a ƙirga haƙoransa. Wanda za a sa a madadinsa dole yawan haƙoransu ya zo ɗaya, in ba haka ba allura za ta daina rawa amma ta koma faɗin abin da ba shi ne ba.

Cikin agogon kuwa ba wurin gwaji ba ne. Sifirin ɗin nan idan yatsa ya lanƙwasa shi, shi ke nan, ba zai sake faɗin gaskiya ba. A bar wa masu gyaran mita. Mu kuma ɗalibai, namu kallo da tambaya da miƙa sifana. Kada wani ya karanta wannan allo ya je ya kwanta ƙarƙashin motar babansa da aka ɗaga da jak. Wanda yake son gwadawa da hannunsa, babur ya ishe shi, shi ma da izinin mai shi, a kashe, inji ya huce.

Motocin da ba su da kebur

Yawancin motocin da ake shigowa da su yanzu malejinsu na lantarki ne. Maimakon kebur, akwai wata 'yar na'ura da ake kira sansa a jikin giyabos, ko a kusa da tayoyi. Wani ƙarfe mai haƙora yana wucewa ta gabanta, kowane haƙori ya wuce ta aika saƙo ta waya. Kwamfutar mota ta ƙirga saƙonnin, sannan wani ɗan mitsitsin injin lantarki a bayan agogo ya kai allura inda ya dace. A nan babu abin shafa wa giris. Wanda ya ce zai sa wa irin wannan mota mai a kebur, bai ma leƙa ba.

Ita ma tana rawa, amma rawarta daban. Takan faɗi sifili farat ɗaya sannan ta dawo, musamman idan an daki rami. Wannan alama ce ta waya da ta kusa tsinkewa, ko soket da ya yi tsatsa ko ya sha ruwa wajen wanki, ko wayar da ke manne da ƙarfen jikin mota ta sassauta. Ɓeraye ma suna da hannu, musamman motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi. Wani lokaci kuma garin ƙarfe ne ya taru a bakin sansar, tunda wasunsu suna da maganaɗisu, sai a goge kawai. Idan duk allurorin gaban mota suna rawa tare, har da ta mai da ta zafi, to ba sansa ba ce, a duba wutar da ke shiga agogon. Wannan aikin mai rewaya ne, kuma shi ma gara ya fara da soket da waya kafin ya ce a sayo sabuwar sansa. A mota mai canza giya da kanta abin ya fi gaggawa, domin kwamfuta tana duba wannan saƙon kafin ta canza giya, idan saƙon ya rikice sai mota ta riƙa fizga.

Allurar da ba ta rawa amma tana ƙarya

Wannan ta fi mai rawa haɗari, don ba wanda yake zarginta. Maleji ba hanya yake aunawa ba, juyin taya yake ƙirgawa. Mun yi lissafi da lambobin da ake rubutawa a gefen taya. Taya mai lamba 185/65 R14 idan ta juya sau ɗaya tana cin kusan mita 1.87, wato sai ta juya kusan sau 534 kafin ta cika kilomita ɗaya. Idan mai mota ya sa 195/70 R14 don motar ta ɗan ɗaga saboda ramuka, kowane juyi ya zama kusan mita 1.97. Agogo bai san an canza ba. Zai nuna 80 alhali motar tana yin kusan 84.

Sai kuma motocin da aka kawo daga Amurka, irin wasu Honda da Toyota. Manyan lambobinsu mil ne ba kilomita ba, kilomitar tana ciki da ƙananan lambobi. Mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6. Direban da ya ga allura a kan 60 ya ce ai a hankali yake tafiya, kusan 97 yake yi. Idan ta hau 80 kuwa ya kusa 129.

Me ya shafe mu?

Akwai direbobin da za su ce maka su ba sa bukatar agogo, a jikinsu suke jin gudu. Muna girmama su, sun fi mu sanin hanya nesa ba kusa ba, amma jiki yana sabawa. Wanda ya taso daga Kano ko Zariya a kan babban titi yana ta gudu, idan ya karya a Kwanar Dangora ya kama hanyar Jos, 80 sai ta zame masa kamar tafiyar ƙasa. Alhali wannan hanya ta Tudun Wada da Doguwa ta ratsa tsakiyar garuruwa, ga masu talla, ga babura, ga shanu suna tsallakawa, ga mu da jakunkunanmu safe da rana.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da iyakar gudu a littafin dokokin hanya. A cikin gari kilomita 50 ne a awa ga ƙananan motoci da bas. A babbar hanya 80. A titi mai hannu biyu irin na Kano zuwa Zariya, motar gida 100, tasi da bas 90. Tanka da tirela nasu bai kai haka ba. Tun daga 1 ga Fabrairu 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. To direban da allurarsa ke yawo tsakanin 40 da 80, ta yaya zai san ko yana cikin doka a tsakiyar gari?

Ga lissafin da malaman lissafi za su iya duba mana. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Mai 100 kuwa kusan mita 28, wato wajen tsawon ajujuwa uku a jere, a cikin daƙiƙar da direba zai ga yaro ya ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki. Bayan an taka birkin ma, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, nisan yana ninka huɗu. Daga 50 zuwa 80 ba a ma kai ninki biyu ba, amma nisan tsayawa ya haura ninki biyu da rabi. Tazarar da allura mai rawa take ɓoyewa ke nan.

Ko bayan gyara yana da kyau a gwada agogon, kuma wannan aikin fasinja ne, ba na mai riƙe da sitiyari ba. Wayoyin hannu na zamani suna da manhajar da ke nuna gudu ta tauraron ɗan Adam, sai a kwatanta da allura a miƙaƙƙiyar hanya lokacin da direba ya riƙe gudu ɗaya. Kada a yi mamaki idan agogon mota ya ɗan ɗara na waya da kaɗan, kamfanoni da yawa da gangan suke saita shi haka. Wanda ya nuna ƙasa da na waya shi ne abin komawa gareji. Idan babu irin wannan waya, agogon hannu ma ya isa a inda ake da alamun kilomita a gefen titi. A ƙirga daƙiƙa nawa aka ɗauka daga alama ɗaya zuwa ta gaba, sai a raba 3600 da abin da aka samu. Daƙiƙa 60 gudun 60 ke nan, daƙiƙa 45 gudun 80, daƙiƙa 36 kuma 100.